Ɗaya a allon tashar jirgi, ɗaya a ƙasan akwati: 'yan'uwan Ailan da kakin soja ya raba

Tashar jirgin ƙasa ta birnin Galway, a yammacin ƙasar Ailan, sunan Ceannt take ɗauke da shi. A 1966 aka raɗa mata, lokacin bikin cika shekara 50 da boren Ista, wato tawayen da aka yi wa mulkin Birtaniya a 1916, don tunawa da Éamonn Ceannt, ɗaya daga cikin mutum bakwai da suka sa hannu a takardar shelar jamhuriya da aka karanta a Dublin ranar 24 ga Afrilun 1916. Sojojin Birtaniya suka harbe shi a kurkukun Kilmainham ranar 8 ga Mayun wannan shekara. Duk yaron da ya zauna a aji a Ailan ya ji sunansa.

Wanda ba kasafai ake koya wa yara ba shi ne ɗan'uwansa, William Kent. Kent ne sunan gidansu, Éamonn ne ya mayar da nasa zuwa harshen gargajiyar ƙasar. William saje-manjo ne a rundunar Royal Dublin Fusiliers ta sojan Birtaniya, wato sojan da ya kashe masa ɗan'uwa. Bai tuɓe kaki ba. Ya mutu a fagen daga kusa da Arras a Faransa ranar 24 ga Afrilun 1917, shekara guda cif da ranar da Éamonn ya fito da bindiga. Babu tashar da aka sa wa sunansa.

Ba gidansu kaɗai ba ne. Michael Malone ya mutu ranar 26 ga Afrilun 1916 a gida mai lamba 25 da ke titin Northumberland a Dublin, inda shi da 'yan tsirarun abokansa suka tare hanyar gadar Mount Street, suka yi wa sojojin Ingila da aka sauko da su daga jirgin ruwa mummunar ɓarna. Wata 11 kafin nan, ranar 24 ga Mayun 1915, ɗan'uwansa Saje William Malone ya rasa ransa kusa da Ypres a Beljiyam, ranar da Jamusawa suka sako wa bataliyarsu iskar guba, mutum fiye da 600 suka mutu ko suka jikkata ko aka neme su aka rasa. Gida ɗaya ya yi makoki sau biyu cikin shekara guda, ɗaya na sojan Sarkin Ingila, ɗaya na mai yi wa Sarkin tawaye.

Abin da nake son kare wa a nan bai da yawa. Gwamnati tana da ikon zaɓar wanda za ta gina wa gunki, amma ba ta da hurumin zaɓar wa iyali mamacin da za su tuna. Ailan ta gwada hakan na tsawon shekaru kusan 70, ta ɗaukaka ɗa guda ta kawar da kai daga ɗayan, kuma a ƙarshe ita ce ta sauko ta bi bayan iyalai. Sai dai maganar tana da ƙaya, kuma masu adawa da wannan ra'ayi ba wawaye ba ne. Zan zo kansu.

A fara da dalilin tafiyarsu, domin nan ne ake yawan yi musu rashin adalci. Ba a kama kowa da ƙarfi ba. Dokar tilasta shiga soja da aka kafa a Birtaniya a 1916 ba ta taɓa aiki a Ailan ba, kuma da Landan ta yi yunƙurin shigo da ita a 1918, limaman coci da 'yan ƙwadago da 'yan siyasa suka haɗa baki, dole aka ajiye maganar. Ke nan mutanen Ailan sama da 200,000 da suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ko dai dama sojoji ne, ko kuma da ƙafarsu suka je suka rubuta suna. Akalla 30,000 ba su dawo ba, kuma adadin da aka sassaƙa a lambun tunawa da su a Dublin ya kai 49,400.

Wasu yunwa ce ta kai su. Dublin ta wancan zamani tana cikin biranen Turai da talauci ya fi yi wa katutu, iyalai sama da 20,000 kowannensu a ɗaki ɗaya yake rayuwa. A 1913 masu kamfanoni suka rufe wa ma'aikata kusan 20,000 ƙofa na tsawon watanni saboda shiga ƙungiyar ƙwadago, kuma da aka gama rigimar akwai waɗanda ba a sake ɗaukarsu aiki ba. Ga irin wannan magidanci, sule ɗaya a rana da takalmi da abinci, ga alawus da matarsa za ta riƙa karɓa a gidan waya duk mako, ba abin rainawa ba ne.

Wasu kuma siyasa ce ta tura su, kuma siyasar kishin ƙasa ce, ba ta cin amana ba. John Redmond, jagoran 'yan majalisar Ailan a Landan, ya samu an sa hannu a dokar ba Ailan mulkin kai na cikin gida a Satumbar 1914, amma aka ce sai bayan yaƙi za ta fara aiki. Ranar 20 ga watan, a Woodenbridge, ya kira magoya bayansa da su tafi duk inda fagen daga ya kai. Lissafinsa shi ne in 'yan Ailan suka zubar da jini tare da Ingila, Ingila ba za ta iya cin alkawari ba. A arewacin tsibirin kuwa, Furotestan Ulster sun cika runduna ta 36 ne da lissafin da ya yi hannun riga da wannan: su nuna biyayya don kada a taɓa sa su ƙarƙashin majalisar Dublin. Kaki ɗaya, bindiga iri ɗaya, amma kowa da abin da yake saye da jininsa.

Redmond bai tura 'ya'yan wasu ya ɓoye nasa ba. Ƙaninsa Willie, ɗan majalisa wanda gwamnatin Birtaniya ta taɓa ɗaurewa saboda gwagwarmayar filayen manoma, ya shiga soja yana da shekara fiye da 50. Ranar 7 ga Yunin 1917, a Messines da ke Beljiyam, inda runduna ta 16 ta Katolikan kudu da ta 36 ta Furotestan arewa suka kai hari kafaɗa da kafaɗa, aka harbe shi yana da shekara 56. 'Yan Ulster ne suka ɗauke shi daga filin. Kabarinsa na nan a Loker, shi kaɗai, a wajen katangar maƙabartar sojoji.

Abin da ya same su shi ne ƙasar ta sauya alhali suna cikin ramukan Faransa. A makon da aka yi boren Ista, mutum 485 suka mutu sanadiyyar boren, fiye da rabinsu farar hula. A daidai wannan mako, daga 27 zuwa 29 ga Afrilu, Jamusawa suka saki iskar guba kan runduna ta 16 a Hulluch, 'yan Ailan fiye da 500 suka mutu. Lissafin gawa kusan ɗaya ne, amma ɗaya ya zama tushen tarihin ƙasa, ɗayan kuma sai masu bincike. Da farko ma jama'ar Dublin ba su yi na'am da boren ba. Matan sojoji, waɗanda babban gidan wayar da 'yan tawaye suka mayar hedkwata ya hana su karɓar alawus ɗinsu, suna cikin waɗanda suka yi wa fursunonin ature da zagi lokacin da ake wucewa da su. An daɗe ana ba da labarin waɗannan mata da raini, kamar ba su san ciwon kansu ba. Ni kuwa ban ga abin mamaki ba ga macen da mijinta ke shaƙar guba a Faransa, yara na kuka, sannan a ce mata wai masu boren suna kiran Jamus ƙawa.

Harbe jagororin boren ɗaya bayan ɗaya cikin watan Mayu shi ya juya zukata. A zaɓen Disambar 1918, jam'iyyar Sinn Féin mai neman cikakken 'yanci ta lashe kujeru 73 cikin 105, jam'iyyar Redmond ta koma kujera 6, shi kansa ya riga ya rasu a watan Maris. Sojan da ya bar gida ana yi masa kiɗa da tafi ya dawo ya tarar kakinsa ya zama abin zargi. A yaƙin neman 'yanci na 1919 zuwa 1921 an kashe tsofaffin sojoji da dama bisa zargin kai rahoto. A 1922 aka rushe rundunonin kudancin Ailan irin su Dublin Fusiliers da Munster Fusiliers da Connaught Rangers, aka kai tutocinsu fadar Windsor aka ajiye.

Kada a ɗauka an manta da su dare ɗaya. A shekarun 1920 dubban mutane na cika tsakiyar Dublin duk 11 ga Nuwamba. A hankali abin ya riƙa ja da baya, littattafan makaranta suka yi shiru, jan furen tunawa da 'yan mazan jiya ya zama alamar 'yan koren Ingila. Lambun tunawa na Islandbridge a Dublin, wanda Edwin Lutyens ya zana, tsofaffin sojojin Birtaniya da na sabuwar ƙasar Ailan suka gina tare a shekarun 1930, an ɗage buɗe shi a 1939, daga nan aka bar shi ciyawa ta cinye. Sai a 1988 aka keɓe shi a hukumance bayan an gyara.

To ina labarin ya tafi cikin waɗannan shekaru? Ƙasan akwati ya shiga. Duk gidan da aka rasa soja, gwamnatin Birtaniya ta aika musu da wani faifan tagulla mai faɗin kusan santimita 12, wanda mutane suka riƙa kira kwabon mamaci. Akwai hoton mace riƙe da mashi mai baki uku, zaki a gabanta, sai sunan mamacin cikin ɗan akwatin rubutu, ba muƙami ba lamba, da kalmomin da ke cewa ya mutu ne don 'yanci da daraja. A Belfast da garuruwan Furotesta, goge shi ake yi a kafa a bango inda baƙo zai gani. A Cork ko Tipperary, sau da yawa naɗe shi ake yi a tsumma tare da wayar tangarahon da ta kawo labarin mutuwar, da lambobin yabo, da hoton saurayi mai gashin baki, a tura ƙarƙashin kayan sawa. Abin lura shi ne ba a jefar ba. An ɓoye wa maƙwabta, amma an adana wa jikoki. Sai kaka ta rasu, ana rabon kaya, a ci karo da sunan wani kawu da ba a taɓa ambata a gidan ba. Lokacin da babban ɗakin karatu na ƙasa a Dublin ya gayyaci jama'a a 2012 su kawo irin waɗannan kaya a ɗauki hotonsu, ɗaruruwan mutane ne suka yi layi.

Yanzu ga masu adawa. Hujjarsu ita ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma waɗannan mutane sun yi askin. Sojojin farko da aka tura su murƙushe boren ranar Litinin ta Ista 'yan Ailan ne, kuma mutanen Éamonn Ceannt da rundunar Royal Irish Regiment suka fara gwabzawa. 'Yan Ailan sun riƙe wa daular Ingila bindiga a Indiya da Afirka ta Kudu da sauran wurare tun kafin 1914. Michael O'Dwyer, gwamnan Punjab da ya goyi bayan kisan kiyashin Amritsar a 1919, ɗan Katolika ne daga Tipperary. Saboda haka, in ji su, a daidaita wanda ya mutu don korar ɗan mulkin mallaka da wanda ya mutu a hidimarsa cin fuska ne, kuma hanya ce ta wanke daular da sabulun tausayi.

Rabin wannan magana gaskiya ce, kuma ina ganin duk mai son a tuna da sojojin nan ya kamata ya fara amincewa da ita. Yaƙin 1914 ba yaƙin 'yantar da ƙananan ƙasashe ba ne kamar yadda allunan ɗaukar soja suka riƙa faɗa, rigimar dauloli ce. Akwai wani salon tunawa mai ganguna da tutoci da ke mayar da kisan samari abin ado, kuma Ailan tana da dalilin ƙinsa. Amma tunawa daban, yabo daban. Jikar da ta fito da hoton kakanta ba cewa take yi Ingila ta yi daidai ba. Cewa take yi an yi mutumin nan, ga sunansa, ga inda ya faɗi.

Sauran rabin kuma tarihin 'yan boren kansu ne ke rushe shi. James Connolly, wanda ya jagoranci mayaƙan Dublin a 1916, ya yi shekaru a sojan Birtaniya yana matashi. Michael Mallin, da aka harbe rana ɗaya da Ceannt, ya yi wa sojan aiki a Indiya. Roger Casement, da aka rataye a Landan a watan Agustan 1916, ma'aikacin daular ne da ya yi aiki a Kalaba a shekarun 1890, har lambar girma ta Sir aka ba shi. Tom Barry, wanda ya shirya wa dakarun Birtaniya kwanton ɓauna a Kilmichael a Nuwambar 1920, yana sanye da kakin Birtaniya a Iraƙi ya ji labarin boren. Emmet Dalton ya samu lambar jarumta a Ginchy a 1916 yana ɗan shekara 18, ya dawo ya zama na hannun daman Michael Collins, jigon yaƙin neman 'yanci, ƙaninsa Charlie kuma yana cikin masu yi wa Collins aikin leƙen asiri. Da harsashi ya samu Barry a Iraƙi ko Dalton a Ginchy, da suna cikin jerin waɗanda ake kira 'yan koren Ingila. Abin da ya raba su da William Kent a wurare da dama tsawon rai ne kawai. Wa ya san abin da waɗanda suka mutu a Hulluch za su zama a 1920?

Kuma rabuwar 'yan'uwa ba ta tsaya a kan kakin Ingila ba. Da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu da Birtaniya a Disambar 1921, waɗanda suka yi yaƙi tare suka juya wa juna bindiga. Seán Hales da Tom Hales, 'yan gida ɗaya daga yammacin Cork, dukansu kwamandoji ne a yaƙin 'yanci. Seán ya karɓi yarjejeniyar, Tom ya ƙi. Tom na cikin waɗanda suka shirya kwanton ɓaunar Béal na Bláth da ya ci ran Collins ranar 22 ga Agustan 1922, Emmet Dalton na gefensa. Ranar 7 ga Disamba 'yan ɓangaren Tom suka harbe Seán a titin Dublin, washegari gwamnati ta fito da fursunoni huɗu ta harbe don ramuwa. A nan babu Bature a tsakani, amma shirun da ya biyo baya a gidaje iri ɗaya ne. Wannan ya nuna mini cewa ba kishin ƙasa kaɗai ke rufe bakin mutane ba. Wani lokaci zaman tare ne: dole a haɗu a coci, a haɗu a kasuwar shanu, a ba juna aure.

Inda gwamnati ta fi nuna ƙarfin hannu shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ailan ta zauna 'yar ba-ruwanmu, amma dubun-dubatar 'yan ƙasar suka tsallaka suka shiga sojan Birtaniya, ciki har da kusan 5,000 da suka gudu daga sojan Ailan. A Agustan 1945 gwamnatin Éamon de Valera ta fitar da doka mai lamba 362, aka kore su ba tare da shari'a ba, aka soke musu fansho, aka haramta musu duk wani aikin gwamnati na shekara bakwai, aka buga sunayensu aka rarraba wa ma'aikatu. Gudu daga soja laifi ne a ko'ina, ban musa ba, kuma ƙasar da ke tsoron mamaya tana da haƙƙin riƙe sojojinta. Amma hukuncin da ya hana uba aiki 'ya'yansa ne ke shan sa, kuma mutanen nan ba gudun yaƙi suka yi ba, wurin yaƙar Hitila suka tafi. Sai a 2012 ministan tsaro Alan Shatter ya nemi afuwa a madadin gwamnati, a 2013 aka yi dokar yafiya, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Sauyin ya fara ne tun kafin nan, kuma jini ne ya buɗe masa hanya. Bam ɗin da ƙungiyar IRA mai yaƙar mulkin Birtaniya ta tayar a Enniskillen da ke Ailan ta Arewa ranar 8 ga Nuwamban 1987, a wurin taron tunawa da 'yan mazan jiya, ya kashe mutum 11 a ranar, ya kuma sa mutanen kudu da yawa suka fara tambayar kansu. Ranar 11 ga Nuwamban 1998, 'yan watanni bayan yarjejeniyar zaman lafiyar Ailan ta Arewa, shugabar ƙasa Mary McAleese da Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Sarki Albert na Beljiyam suka buɗe hasumiyar tunawa a Messines. A 2011 Sarauniyar ta ajiye furanni a Dublin, a lambun 'yan tawaye da kuma na Islandbridge.

Duk da haka ba zan ce a ɗauki labarin gida tamkar saukakken littafi ba. Iyali ma na gyara zance. 'Yan Ailan da kansu suna barkwancin cewa in da duk wanda jikokinsa ke cewa yana cikin babban gidan waya a 1916 ya kasance a ciki, da ginin bai ɗauke su ba. Yanzu da iska ta juya, kowane kaka da ya sa kakin Ingila ya zama wanda yunwa ta kora ko yaron da ya yi ƙaryar shekaru. Ba a cika jin wanda ya tafi don son kasada ko don yana ƙaunar daular ba, alhali akwai su. Matsalar ita ce takardun da za a auna zancen da su sun yi ƙaranci. Gobarar da bama-baman Jamus suka tayar a Landan a 1940 ta cinye fiye da rabin fayilolin sojojin yaƙin farko. Ma'ajiyar takardun Ailan ta ƙone a Four Courts, ginin kotunan Dublin, a Yunin 1922, farkon yaƙin basasa. Sannan gwamnatin Ailan, tsakanin 1947 da 1957, ta bi masu gwagwarmayar 'yanci ta rubuta bayanan shaidu 1,773, amma ba ta yi wa waɗanda suka dawo daga fagagen yaƙin Somme da Gallipoli irin wannan ba, alhali a lokacin suna nan da ransu, a unguwanni ɗaya. Wannan giɓi ba ya cikuwa. Abin da ya rage wa mai bincike shi ne ya haɗa abin da kaka ta faɗa da ƙidayar 1901 da ta 1911 da ke intanet kyauta, da rajistar kaburburan yaƙi, ya yarda da abin da ya fito ko da bai yi masa daɗi ba.

Mai karatu a Kano ko Zariya zai iya cewa ina ruwanmu. Ruwanmu shi ne tambayar da ta dami Ailan tana nan a gidajenmu, ba mu dai yi ta da ƙarfi ba. Rundunar da ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a Maris, ta kai ga Burmi a Yuli, hafsoshinta ne Turawa, amma masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, Hausawa da yawa a cikinsu. Wannan runduna ce ta yi yaƙin Kamaru a Garwa da Mora a yaƙin farko, ita ce kuma ta ba da sojojin runduna ta 81 da ta 82 da suka tafi Boma a yaƙin Hitila, Hausa ce ma harshen bariki. Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, Jamusawa ya fara yi wa soja kafin ya koma wa Ingilishi. Muna wucewa ta gaban barikin Kalapanzin a Kaduna da na Chindit a Zariya, muna jin sunan Dodan a Legas, duk daga yaƙin Boma aka samo su, amma mutum nawa ne zai iya kawo sunan soja ɗaya da ya faɗi a can? A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Ɗan Ailan ko ba komai an aika wa uwarsa tagulla mai sunansa. Waɗanda suka ji labarin Boma daga bakin masu shi su ma yanzu furfura ta cika musu kai, kuma wayar da za a naɗi muryarsu tana aljihun kowane jika.

A Ailan ɗin ma ba a gama ba. A Janairun 2020 gwamnati ta shirya taron tunawa da 'yan sandan zamanin mulkin Birtaniya, jama'a suka yi ca, dole aka fasa. A nan ina tare da jama'a, domin hukuma aka so karramawa, kuma hukumar ce aka cusa wa 'yan ta-kifen Black and Tans da suka ƙona garuruwa. Amma batun bangon maƙabartar Glasnevin a Dublin daban ne. A 2016 aka kafa shi, aka jera sunayen duk waɗanda suka mutu a boren Ista bisa ranar mutuwa da jerin haruffa, ɗan tawaye da soja da ɗan sanda da mai wucewa, ba yabo ba zargi. Aka yi ta kai masa hari da fenti da guduma, har a 2022 masu kula da maƙabartar suka ce sun gaji, za a cire sunayen. A ganina an ba masu guduma nasarar da ba su cancanta ba. Sun zo ne don goge sunayen sojojin Ingila, waɗanda wasunsu ma 'yan Ailan ne, amma mafi yawan sunayen da ke bangon na farar hular Dublin ne, ciki har da yara kimanin 40, kuma shawarar cirewar ba ta ware su ba.